Shekarar da Na Yi Rawa da Taɓarya

Yanzu kuma mun zo wurin da na san kun fi ɗokin ji, ko da yake har yau babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayata ido da ido. Na san kuna tambayar juna a waya. Na san jikokina sun ji a gari cewa kakansu, Alhaji Sule na Maska, yana da shekara saba'in ba biyu ya tafi Malumfashi ya koyo rawar Turawa. Wasu sun ce coci na shiga. Wasu sun ce hawan jinin da ya bugi Innarku a ƙafa, ni a kai ya buge ni. To ga shi zan faɗa da hannuna, da ɗan rubutun da na tsira da shi daga aji huɗu, kafin mahaifina ya duba fensirina ya ga ba ya cire ciyawa ya mai da ni gona. In kun ga harafi ya karkace ku gyara a zuci. Labarin dai yadda ya faru zan ba ku shi, har da wuraren da ban gane ba, kuma su suka fi yawa.

Muna tsakiyar yankan dawa Innarku ta faɗi. Tana gaban murhu tana tuƙa tuwo, muciya ta suɓuce daga hannunta, ita ma ta bi ta. Sati uku muka yi a asibiti a Funtuwa. Bakin da ya karkace ya dawo daidai, har ma ya fi da kaifi. Hannu ya dawo. Ƙafar hagu ce ta dawo rabi ta bar rabi a can. Da muka komo gida ta fara dafa bango tana ɗan takawa, muna ta murna. Ran nan da hantsi, ba kowa a tsakar gida, ta ce bari ta fita da kanta, ƙafar ta harɗe a dokin ƙofa ta kife. Ba ta karye ba, 'yar ƙujewa ce a gwiwa. Amma tun daga ranar Innarku ta zauna. In an kawo sanda ta ce a kai wa makaho. In an kama ta za a miƙar da ita, sai ta saki jiki kamar buhun gero ta ce jiri take gani. Wata biyu cur, daga gado zuwa tabarmar bakin ƙofa sai an ɗauke ta. Da muka mai da ita Funtuwa, likitan gashin ƙashi ya latsa ƙafar, ya lanƙwasa ta, ya sa ta tura hannunsa, sannan ya ja ni waje. Ya ce ƙarfin da ke ƙafar nan ya isa ya kai ta kasuwa ya dawo da ita, tsoro ne ya hau ya zauna a kai. Ya ce in damina ta same ta a zaune ƙafar za ta manta aikinta, in kuwa ta manta ba ta ƙara tunawa. Da wannan maganar na dawo Maska, ban faɗa wa kowa ba sai 'yar'uwarku Hadiza.

Hadiza ce ta jefa ni cikin wannan lamari, a rubuta a ajiye. Lokacin tana aikin jinya a Malumfashi. Ta ce akwai wani tsohon hedimasta a unguwarsu, Malam Yohanna, wanda matarsa ta yi irin wannan ciwon, shi da kansa ya tashe ta da wani motsa jiki, kuma ya yarda ya koya mini in zo in yi wa Inna. Motsa jiki ta ce. Wannan kalmar kaɗai ta faɗa, kuma tana faɗa tana kallon ƙasa, wanda da ina da wayo da tun nan na gane akwai saura. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne keken nan marar taya da na gani a asibiti, wanda mutum ke tuƙawa yana gumi bai je ko'ina ba. Na sa babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na shiga motar Tanimu direba, muka kama hanya.

Malam Yohanna Bahaushe ne kamar ni, kakanninsa Maguzawa, shi Kirista. Dogo ne kamar karan dawar fadama, da tabarau a kan hanci. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi amfanin gona. Matarsa, Mama Saratu, 'yar gajera mai fara'a, ta shigo ɗauke da tire da kofuna a kai, ruwa ko rawa bai yi ba. Ya nuna ta da haɓa ya ce in duba da kyau, wannan matar ta yi wata bakwai ba ta taka ƙasa ba. Na duba da kyau, na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi. Daga nan sai na ga ya tura kujeru jikin bango, ya naɗe darduma, ya danna wani tsohon rediyo mai kaset. Wani kiɗa ya tashi kamar goge ashirin suna kuka a gidan makoki, babu ganga ko ɗaya. Sai hedimasta ya tsaya gaban matarsa ta aure, ya rusuna, ya miƙa mata hannu. Na ɗauka wani laifi ya yi mata da safe yake ba ta haƙuri. Kafin in gama wannan tunanin ya riƙe ta, ta riƙe shi, suka fara zagaya falon kamar ganye biyu a kan ruwa. Na ɗaga kai na ƙirga katakon silin ɗinsa. Goma sha huɗu ne. Da suka tsaya na gyara murya.

"Malam, ina injin?"

"Wane inji, Alhaji?"

"Na motsa jikin."

"Kai ne injin."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani irin na malaman makaranta, a hankali, kamar ni ne ɗan aji ɗaya. Ya ce rawar sunanta wals, wata Baturiya ta koya musu ita a kwalejin horon malamai tun suna samari. Ya ce wanda ya taɓa faɗuwa ba ya yarda da sanda, don sanda ba ta riƙe mutum, mutum ke riƙe ta. Amma in mutum ne a gabansa ya riƙe shi, kuma bakinsa yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, tsoro ba ya samun wurin zama. Sai dai dole ni in fara iyawa, don kada in je in kayar da ita karo na biyu. Na ce na ji. Ban ji ba. Abin da ke raina shi ne in sha ruwan nan in tafi in nemi Hadiza. Amma idona ya sake sauka kan ƙafar Mama Saratu, tana tsaye a kanta kamar ba a taɓa yin komai ba, sai na ji bakina yana tambayar wace rana ake zuwa.

Matsala ta farko, da wa zan yi. Mama Saratu ta miƙo hannu da zuciya ɗaya. Na ja da baya har ƙeyata ta gaisa da bango, na ce ina da alwala. Ta yi dariya ta ce ai ta sani, gwada ni take. Aka rasa yadda za a yi, sai hedimasta ya cire tabarau ya goge ya ce to shi zai zama matar. Haka muka tsaya, tsofaffi biyu masu furfura, hannuna a cikin nasa, ƙirjina yana kallon cikinsa, babbar rigata tana shiga tsakanin ƙafafunmu tana raba faɗa. Ya ce in fara da ƙafar hagu. Ku sani, shekara saba'in ƙafafun nan suna kai ni gona suna dawo da ni, ba su taɓa tambayata wacce ce hagu ba. Hannu na sani, akwai na cin tuwo akwai ɗayan. Ranar da aka raɗa wa ƙafafuna suna, ranar suka daina jin magana. In ya ce hagu sai duka biyun su tsaya suna jiran juna, ko duka biyun su tashi tare. Da ƙyar muka yi abin da ya kira akwati: taku ɗaya gaba, ɗaya gefe, ka haɗe ƙafa, ɗaya baya, ɗaya gefe, ka haɗe. Na duba ƙasa na ga muna daidai inda muka fara.

"Malam, wai ina za mu?"

"Ba inda za mu, Alhaji."

"To me ya tashe mu?"

Sai ya mayar da kaset ɗin baya.

Kada ku ɗauka ban taɓa rawa ba. Ina saurayi, in an yi gayya aka buga gangar noma, ni ne a gaba da garma a hannu, makaɗi yana kiran sunana da na ubana. Amma waccan rawar ganga ce ke gaya maka abin da za ka yi, kuma in ka gama ka waiwaya za ka ga kunya goma ka nome. Wannan kuwa kiɗan bai san ka ba, bai san ubanka ba, kuma in an gama ba abin da ya ƙaru a duniya sai gumi. Talata da Asabar nake zuwa. A zuwa na uku ya ce yanzu za mu bar akwati mu yi mai tafiya, namiji yana gaba yana ja, mace tana komawa da baya. Ya ce in ja shi. Ni kuwa abin da na taɓa ja a rayuwata garmar shanu ce. Na sa ƙarfi na tura hedimasta tun daga bakin ƙofa har cikin kabad ɗin kwanukan matarsa. Kwanuka suka yi ta magana. Da ya samu numfashi ya ce bari shi ya zama direba tukuna, ni in bi, in ji yadda abin yake a jiki, daga baya mu sauya. Daga ranar shi ke tahowa ni ina komawa da baya. Maganar sauyawa bai ƙara tayar da ita ba, ina jin don tausayin kwanukan, ni kuma na manta an taɓa yin ta. A hankali bayan ya fara shiga jikina. Abu ɗaya ya gagara gyaruwa. A taku na uku, inda ake haɗe ƙafa a hankali, ni sai in jawo tawa a ƙasa in danna da ƙarfi. Kullum sai ya tambaye ni ko kunama nake kashewa. Na ce wallahi ban san ina yi ba, ƙafar ce ke yi da kanta.

Sai da na yi sati biyu kafin na iya faɗa wa Innarku. Na zauna a bakin tabarmarta na yi ta zagaye-zagaye, na fara da lafiyar Hadiza, na bi ta farashin taki, sannan na fito da maganar. Ku tuna ko mu su wane ne. Shekara arba'in da shida muna tare, ban taɓa riƙe hannunta da rana ba. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, Malam take ce mini, har na je Makka na dawo ban samu ƙarin girma a bakinta ba. In za mu unguwa ina gaba tana baya da taku goma. Wannan matar nake gaya wa za mu tsaya ƙirji da ƙirji a tsakar gida muna ƙirga uku. Ta saurare ni har na gama, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Malam, ka bar ni in mutu a zaune da mutuncina."

Na tashi na fita. Talata ta zo na shiga mota.

Ranar ce Tanimu direba ya gama lodi da wuri, ya ce bari ya biyo ya ɗauke ni a gidan. Ya yi sallama, kiɗa ya hana mu ji, ya leƙa ta taga. Abin da ya gani ban musa ba: Alhaji Sule a hannun hedimasta, ido a rufe, yana tafiya da baya. A hanya ya riƙa kallona ta madubi kamar an ba shi ajiyar mahaukaci. Kafin in sauka a Maska labarin ya riga ni sauka. Washegari bayan la'asar Liman ya riƙe hannuna ya ce mu zauna a zaurensa. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, don haka bai yi mini wa'azi ba, ya ce in faɗa masa gaskiya. Na faɗa. Ya ce bai gane ba. Na ce ni ma haka. Ya ce in nuna masa. Na tashi na rungumi iska na yi masa ɗaya, biyu, uku har bakin ƙofa. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce in da matata ce, a cikin gidana, don neman lafiya, bai ga mai hana ni ba, kiɗan dai in baro shi a Malumfashi. Rungumar hedimasta kuwa, ya ce ya yi karatu gwargwado bai taɓa cin karo da babinta ba, sai ya bincika. Sannan ya sassauta murya ya isar da saƙon da aka ba shi. Kun san Sarkin Noma ya rasu a shekarar, kuma Maigari ya riga ya gaya mini a asirce cewa ni za a naɗa in ruwa ya sauka. Yanzu dattawa sun ce ba za a ɗaura rawani a kan da ake yi wa dariya a tasha ba. In na daina zuwa Malumfashi, magana za ta mutu kafin damina, a yi naɗi. In ban daina ba, akwai Alhaji Garba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son rawanin nan. Tun ina bin bayan mahaifina da fartanya nake son sa. Kuma ku dubi lissafin da ke gabana: rawar ban iya ba, wadda ake koyo dominta ta ce ba ta yi, amfanin abin ban gani ba. Mai hankali zai zauna gida. A satin ne kai Babba ka zo daga Kaduna, ka zauna a zaure kai a sunkuye, ka ce, Baba, ana yi mana dariya. Na ce na sani, da kunnena nake ji. Ka ce to me ya sa. Na buɗe baki in gaya maka abin da likita ya ce, sai na ga in na faɗa zai shiga cikin gida ya isa kunnenta, ta ji an yanka mata wa'adi. Sai na ce maka ina sha'awar rawar ne. Ka tashi ka tafi ko tuwo ba ka ci ba, ka yi wata uku ba ka kira ni ba. Ban riƙe ka ba. Yau ka ji dalilin. Asabar ta zo na shiga mota, kuma ko a lokacin in ka tsare ni ka ce in rantse abin zai yi aiki, ba zan rantse ba. Abin da na sani kawai, in na zauna gida ba abin da nake yi mata, in na tafi ina yin wani abu, ko da shirme ne.

Malam Yohanna ya ce kwana biyu a sati ba su isa ba, in riƙa yi a gida da wani abu mai tsayi. Na duba gidan kaf ban ga mai tsayin da zai yarda ba sai taɓarya. Kullum da hantsi, in an fito da Innarku kan tabarma, sai in ɗauki taɓaryar in riƙe ta da mutunci, in yi ta komawa da baya daga bakin ɗaki zuwa rumbu ina ƙirgawa. Kaji suka saba, suka daina gudu. Innarku tana rufe da mayafi, amma na lura mayafin yana da wata 'yar kafa da ke bin duk inda na yi. Haka muka yi har zafin bazara ya kai inda yake kaiwa, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Duk ranar da na ga gajimare sai gabana ya faɗi. Manomi ne ni, shekarar ce kaɗai na taɓa roƙon ruwa ya ɗan jira.

Ran wata Alhamis ina tsakiyar yi sai na ji murya daga cikin mayafi.

"Malam."

"Na'am."

"Wannan ba rawa kake yi ba. Shuka kake yi."

Na tsaya da taɓarya a hannu. Ta ce in sake ta gani. Na sake: taku, gefe, na jawo ƙafa na danna. Sai na ga abin da hedimasta da duk karatunsa bai gani ba, ni ma da ƙafar take jikina ban gani ba. Rami nake rufewa. Duk wanda ya tashi a gona ya san wannan: mai sungumi yana gaba yana sara, na baya ya zuba iri, ya jawo ƙasa da ƙafa ya danne. Ƙafata ta ji an ce haɗe, ita kuwa haɗewar da ta sani ke nan.

Akwai abin da ba ku sani ba, don ba mu taɓa ba ku labarinsa ba. Shekara uku na farkon aurenmu ba ni da ɗan ƙwadago, ba ni da ɗa. In ruwan shuka ya sauka, ni da Innarku muke fita gonar bayan gari tun da sassafe, ina gaba da sungumi, tana baya da ƙoƙon iri. Ban taɓa ganin mai rufe rami kamarta ba, ba ta sunkuyawa, ba ta tsayawa, kuma da ƙafar hagu take yi. Da Allah ya buɗa mini na sa ta a kulle, ina alfahari matata ta daina taka gona. Shekara arba'in da wani abu ke nan. Ni na manta. Ashe ita ba ta manta ba.

"Kuma a buɗe kake barin ramin," in ji ta. "Da diddige kake dannawa. Da gefen ƙafa ake jawowa. Wannan shukar taka zabi za su cinye."

"Ni mai sara ne, ba mai rufewa ba."

"Ai na gani."

"To nuna mini."

Nan take na ji kunyar abin da na faɗa. Sai mayafin ya sauka zuwa kafaɗa.

"Ajiye taɓaryar mutane. Kama ni. Kada ka kalle ni."

Na kama ta na miƙar. Jikinta yana rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu, yatsunta sun nutse a damtsena. Ban kalle ta ba, hular rumbu na kalla ta saman kanta, ita kuma tana kallon maɓallin rigata. Na rasa abin da ake yi daga nan, sai jikina ya yi abin da ya saba, na taka da baya. Da na matsa sai wuri ya buɗe a gabanta, ta tako gaba. Na yi gefe, ta yi gefe. Sannan na ji ƙarar da na fi wata huɗu ban ji ba, ƙafar hagu tana jan ƙasa, ta zo ta haɗe ta danne. Na fara ɗaya, biyu, ta ce in rufe mata baki da lissafin makaranta. Da kanta ta riƙa faɗa ƙasa-ƙasa: sara, zuba, rufe. Rami uku muka rufe ranar, ta ce jiri, na zaunar da ita. Ta mai da mayafi ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa. Washegari shida. Ran da sati ya zagayo muka isa rumbu, ta saki hannu ɗaya ta dafa shi, ta ce an bar shi ya tsage ba wanda ya shafe.

Da na kai wa Malam Yohanna labari ya ce sai ya gani da idonsa. Suka zo Maska shi da Mama Saratu a motar Tanimu, wanda ya tuƙo su kamar ya ɗauko ƙwai. Na yi niyyar hedimasta ya tsaya a zaure, Innarku ta aiko cewa a shigo da shi, mutumin da ya yi wata biyu yana rungumar mijinta ba baƙo ba ne. Muka tashi muka yi musu daga ɗaki zuwa rumbu, ba kiɗa, sai sara, zuba, rufe. Ina jiran yabo. Sai na ga Mama Saratu ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, har ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Alhaji, ai takun mace kake yi. Hajiya ce mijin."

Na dubi hedimasta. Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce laifinsa ne, ya manta bai sauya mu ba, amma abu ne mai sauƙi, cikin sati biyu zai gyara ni. Ni dai na tsaya ina lissafi: na bar rawani, na ɓata da ɗana, na zama abin nuni a tasha, ashe duk wannan a matsayin amarya na yi shi. Ban gama ba Innarku ta yi magana, kuma ranar ce ta fara kallon fuskata a gaban mutane.

"A bar shi haka, Malam Yohanna. Ni ba na komawa da baya. Shekara arba'in da shida ƙeyarsa nake kallo."

Ba a gyara ni ba har yau.

Ruwan shuka ya sauka kwana tara bayan nan. A satin aka naɗa Alhaji Garba, Allah ya taya shi riƙo, rawanin ya yi masa kyau, ko da yake kansa ƙarami ne. Muna jin tambari daga ƙofar Maigari lokacin da na ɗauko sungumi muka fita ɗan filin bayan gida. Kunya biyu ta masara kawai. Ina gaba ina sara, sai dai da baya nake tafiya, don idona ya ƙi barinta, kuma na riga na saba. Tana biye da ƙoƙo a hannu, ba ta riƙe kowa ba.

To wannan shi ne abin da ya faru. In an sake tambayarku ko gaskiya ne ubanku ya yi rawar Turawa, ku ce gaskiya ne, ku ƙara da cewa takun mace ya yi, don kada wani ya riga ku faɗa. In sun tambaye ku mene ne ma'anar rawar, ku ce bai sani ba. Har gobe ban gane me ya sa mutum zai rusuna wa matarsa ba tare da ya yi laifi ba, ban gane kiɗan da ba ganga ba, kuma Liman bai gama bincikensa ba. Abu ɗaya na gane. Ranar farko na tambayi Malam Yohanna ina za mu, ya ce ba inda za mu. Hedimasta ne, amma nan ya faɗi jarrabawa. Mu ta kai mu bakin rumbu, daga rumbu ta kai mu gona.

Na karanta wa Innarku wannan babin jiya tana tsaye tana shanya kuɓewa. Ta ce in ƙara abu ɗaya: masarar ta fito duka, rami ko ɗaya bai mutu ba, amma layin a karkace yake, kuma ba mai rufewa ce ta karkata shi ba.